Sofbol na Mata: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Shekarar 1996 da aka yanke jihar Gombe daga tsohuwar Bauchi, ita ce shekarar da wasan sofbol na mata ya fara shiga gasar Olamfik, a gasar Atlanta ta Amurka. Daga wancan lokaci zuwa yau sau biyar aka buga shi a Olamfik. Amurka ta ɗauki zinare uku, Japan ta ɗauki biyu, kuma har yanzu ba ƙasar Afirka ko guda da ta taka wannan fili. A 2028 wasan zai dawo, za a buga shi a birnin Oklahoma a matsayin wani ɓangare na gasar Los Angeles. Masu tafiyar da wasan a duniya sun yi imani cewa gasar ƙasa da ƙasa ce za ta yaɗa shi, ni ma na yarda da su. Inda nake da magana shi ne irin gasar da ya kamata mu nema, da abin da ya wajaba a shirya a makarantun mata na Doma da Kumo da Bajoga kafin wata yarinya ta ɗauki jaka ta nufi filin jirgi.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ga yadda yake. Ƙungiya biyu ce, kowace da 'yan wasa tara. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaron fili. Mai jifa tana tsakiya, tana wurgo ƙwallo ta ƙasan kafaɗa, mai bugu ta maka masa sanda ta ruga. Akwai zango uku da za ta ratsa kafin ta dawo gida, wato wurin da ta yi bugun, in ta dawo lafiya ƙungiyarta ta ci maki ɗaya. In masu tsaro suka cafe ƙwallon a sama, ko suka riga ta kai shi zango, ko ta kuskure jifa mai kyau har sau uku, an fitar da ita. Da an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaro. In kowace ƙungiya ta yi bugunta, an gama turmi ɗaya ke nan, kamar yadda 'yan dambe ke faɗa, kuma turmi bakwai ake yi. Sunan wasan yana nufin ƙwallo mai laushi, amma kada wannan ya ruɗi kowa: ƙwallon da tauri yake, kewayensa kusan santimita 30 da rabi, nauyinsa tsakanin giram 178 zuwa 198. A Shikago aka ƙirƙiro wasan a 1887, kuma gasar duniya ta mata ta farko an yi ta ne a Melbon ta Ostareliya a 1965, da ƙasashe biyar kacal.

Dalilin da ya sa nake ganin wasan ya dace da mu a bayyane yake. Ba rungumar juna ko kokawa a cikinsa. Dogon wando yana cikin kayan da aka saba sawa a wasan, saboda zamiyar da ake yi a ƙasa wajen isa zango, ba sai an roƙi alfarma ba kafin yarinya ta rufe jikinta. Ba ya buƙatar doguwa kamar ƙwallon kwando, ba ya buƙatar mai gudun minti casa'in kamar ƙwallon ƙafa. Gajera mai saurin hannu tana da wurinta a kusa da zango na biyu, kakkaura mai ƙarfin ƙugu tana da wurinta a bugu, mai natsuwa da kaifin tunani ita ce ke durƙusawa bayan mai bugu tana ba mai jifa alama. Uba da ya ƙi barin 'yarsa ta buga ƙwallon ƙafa da gajeren wando zai iya zama ya kalli wannan wasa daga farko har ƙarshe bai ga abin da zai kawar da kai ba.

Cewa gasar duniya tana ɗaga wasa, wannan mun gani da idonmu. Kafin D'Tigress su fara jera kofunan Afirka daga 2017, mutum nawa ne a nan ke zancen ƙwallon kwando na mata? Da suka kai wasan kusa da na kusa da ƙarshe a Olamfik ta Faris a 2024, har a teburin mai shayi an yi hirarsu. A watan Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki biyu a gasar kurket ta duniya a Malesiya, mutane da yawa ranar suka fara sanin cewa ana kurket a ƙasar nan. Gani ya kori ji. Yarinyar da ta ga tsararta sanye da kore da fari ana buga mata taken ƙasa, ba ta buƙatar a yi mata wa'azi kan amfanin motsa jiki. A Japan ma haka ne: a Olamfik ta Bejin a 2008, Yukiko Ueno ta yi jifa 413 cikin kwana biyu ta kai ƙasarta ga zinare, ta sake dawowa tana da shekara 39 ta jagoranci doke Amurka da ci biyu da nema a Yokohama a 2021.

Amma a duba tarihin wasan da kyau. A 2005 kwamitin Olamfik ya kaɗa ƙuri'ar cire shi, ba a buga shi a 2012 da 2016 ba, ya dawo a Tokiyo, aka sake ajiye shi a Faris. Wasan da ake shigar da shi yau a fitar da shi gobe, ba a jingina rayuwarsa da Olamfik. Amurka ba ta girgiza ba domin wasan yana zaune a makarantunta, musamman bayan dokar 1972 da ta hana nuna wa mata bambanci a harkar ilimi, har da wasanni, kuma wasannin ƙarshe na gasar jami'o'inta a Oklahoma suna cika fili duk shekara. Japan ba ta girgiza ba domin kamfanoni irin su Toyota da Hitachi suna riƙe da ƙungiyoyin mata suna biyansu albashi. A Afirka, ƙasashen da suka fi yawan wakiltarmu su ne Afirka ta Kudu da Botswana, kuma ba sa'a ba ce ta kai su, suna da gasar cikin gida da ake bugawa a kai a kai. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da nake tsoro shi ne al'adar da muka saba da ita a ƙananan wasanni. Takardar gayyata ta iso, a yi ta jiran kuɗi, kuɗi ya fito saura mako uku, a tattaro 'yan ƙwallon hannu da 'yan tsere masu ƙarfin jiki, a sa su a sansani kwana goma sha huɗu, a ɗinka riguna a tafi. A wani wasan ana iya tsira da mutunci ta wannan hanya. A sofbol ba a tsira, kuma ga dalili.

Tsakanin mai jifa da mai bugu mita 13.11 ne kawai. Ƙwararrun masu jifa suna wuce gudun kilomita 100 a awa, Monica Abbott ta Amurka ta taɓa kai kilomita 124. Mai bugu ba ta da ko rabin daƙiƙa ta yanke shawara. Kuma ba miƙaƙƙen jifa kaɗai ba ne, akwai wanda ke tashi sama in ya kusa isowa, akwai mai nutsewa ƙasa, akwai na yaudara da hannu ke juyawa da sauri amma ƙwallon ya taho a hankali. Wadda ba ta taɓa ganin irin wannan ba iska za ta yi ta duka. Ta ɗaya ɓangaren kuma, mai jifarmu ta kwana goma sha huɗu ba za ta iya saita ƙwallo tsakanin gwiwa da ƙirjin mai bugu ba, kuma doka ta ce in ta ɓata jifa huɗu, mai bugu ta wuce zango na farko kyauta. Haka za a yi ta cika zanguna ana turo maki gida ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Sai dokar tausayi ta shigo: in tazara ta kai maki 15 bayan turmi uku, ko 10 bayan huɗu, ko 7 bayan biyar, alƙalin wasa ya tashi wasan. A yi lissafi. Turmi uku, fitarwa tara, 'yan wasa tara. Kowace yarinya sau ɗaya tak ta riƙe sanda. In wasa biyar aka buga a gasar, ta tsallaka teku ne domin ta tsaya gaban mai jifa sau biyar. Kuɗin tikitinta kaɗai zai sayi kayan wasan makaranta guda. Ta dawo gida da kunya, iyayen ƙawayenta su ce da ma mun faɗa, wasan ya mutu a garin tun bai yi rarrafe ba.

Saboda haka aikin farko shi ne ƙera masu jifa, kuma a ganina shekara biyu zuwa uku ake buƙata kafin a samu wadda za a dogara da ita. A ɗauko yarinya tun tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makonnin farko ba ta juya hannu sam. Ta tsaya mita biyu ko uku daga bango, ta riƙe ƙwallo da yatsu uku a kan ɗinki, babban yatsa a ƙasa, ta sake shi daga gefen cinya da karyawar wuyan hannu kawai. A zagaye ƙwallon da baƙin salatif ta tsakiya. In ta saki daidai, za ta ga baƙin layin yana juyawa a miƙe. In yana rawa, yatsunta sun zame ko ta murɗa hannu. Wannan layi shi ne malaminta a ranakun da malama ba ta kusa. Daga nan ta ja baya zuwa mita shida ta yi rabin zagaye, sannan mita tara da cikakken zagayen hannu, sai a ƙarshe ta kai cikakkiyar tazara. A shata miƙaƙƙen layi a ƙasa daga inda take zuwa gida, ƙafar da take takawa da ita ta sauka a kansa ko dab da shi. In tana sauka can gefe, ƙugunta zai tare hanyar hannu, ƙwallo ya baɗe. In ƙwallon yana tashi sama da kai, ta makara wajen saki. In yana dukan ƙasa, ta yi gaggawa ko ta sunkuya. Babban kuskuren masu koyarwa shi ne su ce wa yarinya ta rage ƙarfi domin ta saita. Da ta saba lallaɓa ƙwallo, da wuya gudu ya dawo. A bar ta ta yi jifa da ƙarfinta a jikin raga, saiti zai biyo baya. Kwana uku ko huɗu a mako, jifa hamsin zuwa saba'in ya isa ga mai koyo, kuma duk ranar da ta ce kafaɗa ko gwiwar hannu na ciwo, a dakata. Kowace makaranta ta raini masu jifa uku aƙalla, da masu tara biyu, wato masu durƙusawa bayan mai bugu suna cafe jifa, domin ƙungiyar da ke da mai jifa ɗaya zazzaɓin dare guda ya isa ya rusa ta.

Fili ba matsala ba ne kamar yadda ake zato. A dokar duniya, katangar baya ta mata tana mita 67 daga gida, cikakken filin ƙwallon ƙafa kuwa faɗinsa mita 68 ne. Ke nan in aka kafa gida a kusurwa, fili ya samu. A ɗan matso ciki da 'yan mitoci domin turakun raga su faɗa wajen layi, a naɗe su da tsohuwar katifa. Tsakanin zango da zango mita 18.29 ne, kuma ga hanyar fitar da kusurwa ba tare da injiniya ba. A kafa turke a gida, a auna mita 25.86 a miƙe zuwa tsakiyar fili a kafa wani, nan ne zango na biyu. A samo igiya mai tsawon mita 36.58, a ƙulla ta a tsakiya daidai, a ɗaure bakinta biyu a turakun nan. In aka ja ƙullin dama har igiya ta miƙe, nan ne zango na farko, in aka ja shi hagu, nan ne na uku. A zuba toka ko farar ƙasa a bi layi. A kula kada mai bugu da mai tara su fuskanci yamma, domin bayan la'asar ake yawan wasa, rana za ta shiga idonsu daidai lokacin da ƙwallo ke tahowa. A bayan wurin bugu a bar mita bakwai da rabi zuwa tara, a kafa ragar waya mai tsayi saboda 'yan kallo. Abu na ƙarshe da ake mantawa: tsidau da ƙarangiya. Kafin a fara atisaye, 'yan wasa su jeru kafaɗa da kafaɗa su bi hanyar zanguna suna tsincewa, a kwashe tsakuwa, a zuba yashi mai laushi kewaye da zango na biyu da na uku da gida. Yarinyar da ta yi zamiyarta ta farko a kan tsidau ba za ta sake yarda ta zame ba, kuma wadda ba ta zamewa ba za ta ci wasa a waje ba.

Kaya su ne masu tsada, tunda daga waje ake kawo su. Makaranta ɗaya tana buƙatar safar hannu ta fata goma sha biyu, a ciki a sa biyu na bahagwai. Sai kayan mai tara: abin rufe fuska haɗe da hular kwano, abin kare ƙirji, da na ƙwauri, kuma kada a taɓa barin yarinya ta durƙusa bayan mai bugu ba tare da su ba, ko da wasa. Hular kwano ta masu bugu guda biyar, domin ana iya samun uku a zanguna, ɗaya na bugu, ɗaya na jira. Sanduna uku ko huɗu masu tsawo daban-daban, daga santimita 76 zuwa 84. Ƙwallaye dozin biyu. Da yake ƙungiya ɗaya ce ke tsaro a lokaci guda, saiti ɗaya na safar hannu ya ishi ƙungiya biyu su yi atisaye. Hunturu yana busar da fata har igiyoyin safar su tsinke, don haka a riƙa shafa mata man kaɗanya ɗan kaɗan, in ya yi yawa nauyi za ta yi. A sa ƙwallo a cikinta a ɗaure in za a ajiye. In igiya ta tsinke, duk badukun da ke ɗinka takalmi a kasuwar Gombe zai iya zura sabuwa in aka nuna masa wata safar ya bi sawu. Kuma a damƙa kayan a hannun mutum ɗaya da littafin shiga da fita, domin kayan da ba su da mai su zangon karatu ɗaya suke yi su watse.

Kafin kayan su iso ma ana iya farawa. Hukumar besbol da sofbol ta duniya, wadda aka kafa a 2013 bayan haɗewar hukumomin wasannin biyu masu kama da juna, ta fito da wani ɗan ƙaramin wasa mai suna Baseball5: mutum biyar-biyar, ƙwallon roba, da hannu ake bugu, ba sanda ba safa, tsakanin zanguna mita 13. An yi gasarsa ta duniya ta farko a Meziko a 2022, kuma yana cikin wasannin Olamfik na matasa na Dakar a 2026. A manyan gasanni maza da mata ake haɗawa a ƙungiya, wannan kuwa yawancin iyayenmu ba za su karɓa ba, bai kuma kamata a matsa musu ba. Amma a cikin makarantar mata, 'yan mata zalla, babu abin da ya fi shi koyar da inda za a jefa ƙwallo da lokacin da za a ruga.

Gombe tana da wata dama da ba a cika lura da ita ba: ita ce jihar da ta yi iyaka da duk sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas. Daga nan zuwa Bauchi kusan kilomita 150 ne ta Alƙaleri, ana iya zuwa da safe a buga wasa biyu a dawo kafin magariba. Makarantun kwana na mata suna nan, a Doma, a Kumo, ga ta tarayya a Bajoga, ga wata ta tarayya a Bauchi. Suna da katanga, suna da fili, suna da lokacin wasanni a jadawali. Makaranta shida sun isa a kafa gasa: kowace ta kara da kowace gida da waje, wasa goma ke nan a shekara. A sa ta daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ba ruwa kuma zafin Maris da Afrilu bai sauko ba, a duba kalandar azumi da ta jarrabawa kafin a buga jadawali. Wasa goma na turmi bakwai yana ba yarinya damar riƙe sanda sau talatin ko fiye. A kwatanta da sau biyar ɗin can. Zakarun jiha su haɗu da na Bauchi da Adamawa da Yobe a filin Pantami, daga nan a nemi karawa da 'yan Kwara, tunda Ilorin tana da filin besbol na gaske kuma wasan ya daɗe da zama a can. Ita ma hukumar besbol da sofbol ta Najeriya, alhakinta ne ta daina kallon wasan a matsayin na wasu jihohi kaɗan, ta turo masu horarwa kwalejojin ilimi na Gombe da Billiri da Azare, inda ake yaye malaman motsa jiki.

Sai a matakin nan maganar ƙetare ke da ma'ana, kuma ina so a fara da maƙwabta. Ghana tana wasan, kuma ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza ya shiga. Jerin wasa biyar cikin kwana uku da ƙungiyar da ƙarfinmu ya zo ɗaya, wannan shekara a Akara, baɗi a nan, ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan tafiya Turai a sha kashi. Na fi son ma a gayyato su. Baƙuwar ƙungiya da tutarta a filin Pantami ko a filin Abubakar Tafawa Balewa, ɗalibai mata daga makarantu goma a kan benci, iyaye mata a gefe guda da aka keɓe musu, gidajen rediyo irin su Progress da Amana suna bayani da Hausa, wannan shi ne abin da zai sa yarinya ta koma gida ta ce ita ma tana so. Bauchi ta karɓi wasannin gasar matasa ta duniya ta ƙwallon ƙafa a 1999 da 2009, ta karɓi bikin wasanni na ƙasa a 2000, karɓar baƙi ba sabon abu ba ne a yankin nan. Gasar da aka yi a wata nahiya da tsakar dare, wadda ba wanda ya gani sai jami'an da suka raka tawaga, ba ta ƙara wa wasan ko mutum ɗaya.

Hukumar duniya ma tana da nata laifin. A neman gurbin Tokiyo an haɗa Afirka da Turai a rukuni ɗaya, kujera ɗaya, aka buga a ƙasar Holan a 2019, Italiya ta ɗauka. Ƙasashe shida kawai suka buga a Tokiyo. Gwamnati a Afirka ba za ta zuba kuɗi a wasan da ta san ƙofarsa a rufe take ba. In da gaske ake son wasan ya zama na duniya, a ware wa nahiyar nan kujerarta a kowace babbar gasa, a tsayar da gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 15 da 'yan ƙasa da 18 a kan lokaci sananne, a riƙa kawo manyan gasanni nan kamar yadda Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ta karɓi gasar matasa mata ta duniya a 2011. Za a ce wakiliyar Afirka za ta sha kashi a farko. Za ta sha, amma ƙasar da ta san kujera na jiranta tana da dalilin yin shirin shekara huɗu.

Akwai masu cewa a jihar da yara mata da yawa ba sa zuwa makaranta, maganar wasan Amurkawa almubazzaranci ne. Ban raina wannan magana ba. Amsata ita ce ba daga kuɗin alli da kujeru za a ɗiba ba, akwai kason wasanni a kasafin kowace shekara, kuma kusan duka a kan maza yake ƙarewa. Saiti shida na kaya da kuɗin man mota na wasa goma ba su kai abin da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jiha ke kashewa a 'yan tafiye-tafiye ba. Sannan wasan da sai ɗaliba ce ke buga shi, wanda sharaɗin shiga ƙungiyarsa shi ne halartar aji da cin jarrabawa, ƙarin dalili ne na zama a makaranta har a gama.

Yardar iyaye kuwa ba a sayenta da jawabi, da tsari ake samunta. Mai horarwa mace, ko aƙalla malama da ba ta barin fili muddin ana atisaye. A kowace tafiya, uwar ɗaki ɗaya ga kowace yarinya shida ko bakwai, masauki na mata zalla, lambar wayar da uba zai kira a ɗauka. A je gida a gaida mahaifi, a ce masa: "Baba, ga inda za mu, ga wadda za ta kula da ita, ga ranar dawowa," a kuma dawo a ranar. Kada a sa hoton yarinya ko bidiyonta a Facebook ko TikTok sai da izinin gida. Kayan wasa su zama dogon wando, riga mai dogon hannu, da ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ake cusawa cikin riga, ba fil ba allura, domin ya zauna ƙarƙashin hular kwano. Dogon hijabi yana harɗe hannun mai jifa, yana kuma iya maƙalewa a wajen zamiya. Ƙwallon ƙafa ya halatta rufe kai tun 2014, ƙwallon kwando tun 2017, duk da haka a rubuta wa masu shirya kowace gasa tun da wuri a karɓi amsa a rubuce, kada a bari sai a bakin fili a fara jayayya da alƙali.

Sai takardu, waɗanda suka fi kowace mai jifa fitar da ƙungiyoyin Afirka daga gasa. A 2011 wata ƙungiyar yara maza ta besbol daga Yuganda ta ci gurbin zuwa gasar yara ta duniya a Amurka, aka hana su biza saboda saɓani a takardun haihuwarsu, wata ƙasa ta maye gurbinsu. Sai a 2012 wata ƙungiyar Yugandan ta samu zuwa. Irin wannan saɓani ya yi yawa a wurinmu: rajistar makaranta ta ce Maris, takardar haihuwa ta ce Janairu, lambar NIN ta zo da wata shekarar daban, suna a nan A'isha a can Aishatu. Ranar da yarinya ta shiga ƙungiya, ranar za a buɗe mata fayil: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, lambar NIN, rajistar makaranta, a jera su a kan tebur a tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya harafi da harafi. In akwai gyara a fara shi nan take, domin yana cin watanni. Fasfo na ƙaramar yarinya yana buƙatar takardar amincewar iyaye, sai katin rigakafin shawara da ake tambaya a iyakoki. Duk wadda aka ga alamar za ta kai ƙungiyar jiha, a yi mata fasfo shekara guda kafin a san ko akwai tafiya, kuma kada a rage wa kowa shekaru ko da wata ɗaya ne, domin in aka kama mutum ɗaya, ana iya korar ƙungiyar gaba ɗaya.